Ɗana yana da galahanga: in sa shi a firamare ta kowa da kowa?

Uwar 'Ya'ya Uku:
Assalamu alaikum. Ɗana ɗan shekara shida ne, likita ya tabbatar mana yana da galahanga, wato otizim. Yana gane haruffa da lambobi, amma maganarsa kaɗan ce, kuma idan hayaniya ta yi yawa sai ya toshe kunnuwansa ya yi ta kuka. Hedimastan wata makaranta a unguwarmu ya ce in nema masa makarantar masu buƙata ta musamman, ni kuwa burina ya zauna aji ɗaya da sa'anninsa. Mene ne shawararku?

Malamin Aji Biyu:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Doka tana bayanki, domin dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi cewa makarantun gwamnati su karɓi irin waɗannan yara. Sai dai kafin ki biya ko kwabo, ki shiga ajin ki ƙirga ɗalibai da idonki. Ajin da nake koyarwa ya haura yara tamanin, kuma ina jin ciwon faɗin cewa yaron da ƙara ke firgitawa zai sha wuya a wurina.

Malama Mai Horo:
'Yar'uwa, na karanci ilimin masu buƙata ta musamman a Jami'ar Bayero, kuma na ga irin ɗanki sun ci gaba a cikin sauran yara, musamman wajen magana, saboda suna kwaikwayon abokan zamansu. Ki roƙi a zaunar da shi gaba kusa da malami, nesa da taga, a riƙa nuna masa jadawalin yini da hotuna, a kuma sanar da shi tun kafin a kaɗa ƙararrawa ko a sauya darasi. Ki jaddada musu cewa bulala ba ta gyara kukansa, domin ba taurin kai ba ne.

Baban 'Yan Biyu:
Tawa 'yar da awa biyu ta fara a kullum, yayarta tana zaune kusa da ita, sai a zango na biyu ta iya kaiwa lokacin tashi. Abin da ya fi yi mana amfani shi ne malamar ta tara yaran ta yi musu bayani, tun daga ranar suka daina tsokanarta.