Neman kalma: dabba mai kama da ƙadangare, amma ba ƙadangare ba

Malama Hadiza, Samaru: Assalamu alaikum malamai. Ranar Litinin zan koyar da rabe-raben dabbobi a babbar sakandare, kuma da Hausa nake rubuta wa yara takardar bita. Na maƙale a kan Hylonomus. Ta rayu kimanin shekara miliyan 312 da suka wuce, tsawonta har wutsiya bai wuce santimita 25 ba. A Joggins ta ƙasar Kanada aka tono ƙasusuwanta, cikin kogon kututturan itatuwa da suka zama dutse. Duk wanda ya ga zanenta zai ce ƙadangare ne, masana kuwa sun ce ba shi ba ne. Me zan kira ta?

Baban Walid: Wa alaikumus salam. Kakan ƙadangaru. Ya yi daɗi a baki, yara za su riƙe.

Malam Sani, Kongo: Baban Walid, daɗin baki ba ya isa. In ka ce kaka, ka ce daga gare ta ƙadangaru suka fito kai tsaye, kuma babu mai hujjar haka. Tana cikin masu jan ciki na farko-farko da aka sani, tun kafin reshen kunkuru da na kada da na ƙadangare su rabu. Dangin ƙadangare da maciji sai daga baya suka zo. Wanda aka tono a Italiya, Megachirella, shekararsa kusan miliyan 240. Kama da wane ba wane ba ne. Ni dai “mai jan ciki na dauri”.

Malama Hadiza: Malam, ai ba ta ja ciki, ƙafafu huɗu gare ta.

Malam Sani: Damo ma ƙafa huɗu gare shi, kuma a nan muke sa shi. Sunan rukuni ne.

Alhaji Ɗan Birni: Abin da ke damuna shi ne wannan Hylonomus ɗin da kuke ta maimaitawa. Muna da damo, guza, tsari, kulɓa, tsaka, hawainiya. Harshen da ya raba waɗannan tun kafin zuwan boko bai rasa suna ba. Na ba ku “ƙadangarau”. A cire na Turawa gaba ɗaya.

Malam Sani: Ranka ya daɗe, ba na Turawa ba ne su kaɗai. Dawson, wani masanin duwatsu ɗan Kanada, shi ne ya raɗa shi a 1860, kuma da shi ɗalibin Zariya zai gane ɗalibin Japan. A wannan tsarin ne sunan Goronyo ya shiga duniya: Goronyosaurus nigeriensis, dabbar teku da aka tono a ƙasar Sakkwato. Ita ce ma ainihin ’yar dangin guza da maciji, duk da ba ta yi kama da ƙadangaren bango ba. Wannan nake so yara su gane: ƙashi ake dubawa, musamman ƙoƙon kai, ba siffar waje ba.

Alhaji Ɗan Birni: To ka ji. Sun ɗauki Goronyo sun liƙa mata wutsiyar Girkanci, mu kuma muna jin kunyar ƙirƙiro namu. Jami’a na nan Samaru, sashen Hausa na nan, amma kullum aro.

Maman Ummi, Tudun Wada: Alhaji, aro ba kunya ba ne. Littafi da alƙalami daga ina muka samo su? Kuma “ƙadangarau” kunnena ya ji shi kamar sunan ciwo, irin su sanƙarau. Yara dariya za su yi.

Alhaji Ɗan Birni: Sabo ne kawai. A fara faɗa a ga.

Malama Hadiza: Na gode ƙwarai, lokaci ya ƙure. Zan rubuta: “Hylonomus, mai jan ciki na dauri mai siffar ƙadangare, wanda irinsa ya ƙare.” Sai in zana musu reshen ƙadangaru daban, in sa na Goronyo a kansa.

Baban Walid: Ya yi tsawo, amma ba laifi.

Alhaji Ɗan Birni: Wannan bayani ne, Malama, ba suna ba. Ki je da shi saboda Litinin. Ni dai ban janye nawa ba.