Tallafin audugar Amurka: me ya hana Chadi da Mali kai ƙara kamar Brazil?

Ɗan Funtuwa:
Assalamu alaikum malamai. Kullum ana cewa tallafin da Amurka ke ba manomanta ne ya karya darajar auduga a kasuwar duniya. Na kuma ji cewa a taron Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, WTO, da aka yi a Nairobi a 2015 an haramta tallafin fitar da amfanin gona. To in an haramta, kukan me Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali suke yi har yau? Kuma tunda Brazil ta kai Amurka ƙara ta ci, me ya hana su bin sawunta?

Malamin Tattali:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tallafin iri biyu ne, kuma wanda aka kashe a Nairobi ba shi ne mai cizon ba. Na Nairobi shi ne kuɗin da gwamnati ke biya don an fitar da kaya waje. Wanda ya ragargaza manomin Moundou a Chadi da na Sikasso a Mali kuwa na cikin gida ne, ana biyansa ko audugar ta bar ƙasa ko ba ta bari ba.

Ga yadda ya kasance a dokar noma ta Amurka ta 2002. Manomi zai jinginar da audugarsa, gwamnati ta ba shi rance senti 52 kan kowace laba. In farashin duniya ya faɗi zuwa senti 42, kamar yadda ya yi a kakar 2001/02, sai ya biya bashin a kan 42 ɗin, ragowar goma an yafe masa. Bayan haka akwai wasu kuɗaɗen da ke cike masa giɓi har zuwa senti 72.4. Kenan faɗuwar kasuwa ba ta isa kunnensa ba, baɗi ma zai shuka yadda ya saba, kaya su ƙara yawa, farashi ya ƙara nutsewa. Manomin Chadi da ba shi da wannan laima shi ke shan ruwan.

A ƙa'idar WTO irin wannan tallafi yana da iyaka, ta Amurka dala biliyan 19.1 ce a shekara. Matsalar ita ce iyakar ta dukkan amfanin gona ce a dunƙule, don haka ana iya jibga kaso mai tsoka kan auduga ita kaɗai ba a karya doka ba. Abin da ƙasashen huɗu ke nema tun 2003, shekarar da shugaban Burkina Faso na lokacin, Blaise Compaoré, ya je hedikwatar WTO a Geneva da kansa kuma taron WTO na Cancun ya watse baram-baram, shi ne a rage tallafin auduga a keɓe. An yi musu alkawarin haka a Hong Kong a 2005. Har yau shiru kake ji.

Hajiya Lauya:
Malam ya gama da ta farko, bari in ɗauki ta biyu. Benin da Chadi sun shiga shari'ar Brazil, amma a matsayin masu ruwa da tsaki, ba masu ƙara ba. Brazil ta shigar a 2002, ta ci a 2004, aka tabbatar a ɗaukaka ƙara a 2005. Amurka ta soke shiri guda a 2006 ta bar sauran. WTO ba ta da ɗan sanda, iyakarta ta ba wanda ya ci izinin ramuwa. A 2009 Brazil ta samu izinin, ta lissafa kusan dala miliyan 830, ciki har da taɓa haƙƙin mallakar magunguna da finafinan kamfanonin Amurka. Nan ne aka zauna. Daga 2010 Amurka ta riƙa biyan dala miliyan 147.3 a shekara ga asusun audugar Brazil, a 2014 aka rufe maganar da miliyan 300.

Yanzu ka sa Chadi a wannan matsayi. Ta yi shekara goma tana biyan lauyoyi, ta ci, sannan ta ƙara kuɗin fito kan kayan Amurka da ba su taka kara sun karya ba a kasuwarta. Talakanta ne zai ji a jikinsa, Washington ko labari ba za ta samu ba. Ga shi tun Disamban 2019 sashen ɗaukaka ƙara ya daina zama saboda Amurka ta hana naɗa alƙalai, wanda aka kayar sai ya ɗaukaka ƙara, shari'a ta maƙale.

Ɗan Funtuwa:
Na gode Hajiya, Allah ya ƙara basira. Mu a Nijeriya fa, wannan ne ya kashe mana noman auduga?

Dillalin Auduga:
Ya taimaka Alhaji, amma kada a ɗora masa duka. Mu audugarmu masaƙun Kaduna da Kano ke sha, da suka rufe saboda rashin wuta da fasa-ƙwaurin atamfa sai injinan gurza na Funtuwa da Gusau suka rasa mai saye. Ƙara da gurɓataccen iri, da zuba auduga a buhun leda wanda zarensa ke shiga ciki ya ƙi karɓar rini, mai saye ya rage kuɗi. Sannan yau ba Amurka kaɗai ba ce. Sin na biyan manoman Xinjiang cikon farashi tun 2014, Indiya kuma gwamnati ke saye da kanta in kasuwa ta sauka ƙasa da farashin da ta yanka, kuma kowaccensu ta fi Amurka noma auduga.