Me za mu kira "critical reception" da Hausa? Ni dai na tsaya a kan "tarba"

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan ina rubuta ɗan bayani da Hausa a kan Arcade Fire, mawaƙan nan na birnin Montreal a Kanada, sai kalmomi biyu suka tsaya mini a maƙogwaro: critical reception. Na kawo maganar nan ne don mu taru mu warware ta.

Ga inda na gamu da su. A watan Satumba na 2004 Arcade Fire suka fitar da kundin waƙoƙinsu na farko, Funeral (wato jana'iza), ta hannun Merge Records, wani ƙaramin kamfani a North Carolina ta Amurka. Sunan ya samo asali ne daga rashe-rashen da aka yi musu lokacin aikin, ciki har da kakan Win Butler da kakar Régine Chassagne, biyu daga cikin mawaƙan. Pitchfork, shafin intanet mai sharhi a kan waƙoƙi, ya ba kundin maki 9.7 cikin 10, kuma kafin a ankara faifan ya yi wuyar samu saboda yawan masu nema. Wannan abin da masu rubutu a kan waƙa suka ce game da kundin, shi nake nema wa suna.

Da na tambayi mutane, wanda ya fara ba ni amsa ya ce a rubuta "sukar da aka yi wa kundin". Ɗan'uwa, a nan ne gizo ke saƙar. A Hausa idan aka ce an soki mutum, to an kushe shi ne. Yaya za a yi Bahaushe ya karanta cewa an soki kundi, sannan ya ga an ba shi 9.7? Zai ɗauka ko mai rubutun ya rikice ne. Kalmar critic a wannan muhallin tana nufin mai auna aiki, ya yaba ko ya kushe, kuma a kan Funeral yabo ne ya yi rinjaye nesa ba kusa ba.

Wani malami ya kawo "tarke", ya ce ai su a jami'a "tarken adabi" suke cewa. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, kalmar ta yi, kuma ina girmama ta. Sai dai tarke shi ne aikin da mai nazari yake yi da kansa, ya zauna ya feɗe waƙa. Abin da nake nema kuwa shi ne jimillar yadda masu wannan aikin suka fuskanci kundin lokacin da ya fito. Sannan a wajen ajin Hausa, mutane kaɗan ne za su gane tarke ba tare da an yi musu bayani ba. "Masharhanta" kuwa kowa ya saba ji a rediyo.

Da farko "karɓuwa" ce ta fi kwanta mini a rai: "karɓuwar kundin a wurin masharhanta". Har na rubuta ta, sai na tuna da Travis Morrison, wani mawaƙin Amurka. A wannan shekarar dai ta 2004, Pitchfork ɗin nan ya ba kundinsa, Travistan, maki 0.0, kuma har yau ana ambaton abin a matsayin misalin yadda sharhi ɗaya ke iya durƙusar da mawaƙi. To shi ma wannan critical reception ne. Amma a Hausa, idan aka ce abu ya samu karɓuwa, an gama magana, an so shi. Ba ma cewa "mummunar karɓuwa", kunne ba ya ɗauka.

Shi ya sa na koma kan "tarba". Sabon kundi kamar baƙo ne da ya iso ƙofar gida, masharhanta ne ke fara fitowa. Ana iya yi wa baƙo kyakkyawar tarba, ana iya yi masa ta yatsine, ana iya rabuwa biyu a kansa. Ku gwada a baki: "Funeral ya samu kyakkyawar tarba daga masharhanta, Travistan kuwa mummunar tarba aka yi masa." Kalmar ta ɗauki duka biyun ba tare da ta karkata ba. Tana kuma raba mana wannan da cinikin kasuwa, domin tarbar masharhanta daban, yawan faifan da aka sayar daban.

Wata baiwar Allah ta ce "martanin masharhanta" ya fi sauƙi. Yaya, ban ƙi ba, amma martani yana zuwa ne bayan an tsokani mutum ko an yi masa tambaya, kuma kundi bai tsokani kowa ba.

Don haka a rubutuna na sa "tarbar masharhanta". Saura kalmar indie, wadda ake siffanta mawaƙa irin su Arcade Fire da ita. Na rubuta "mawaƙan rok masu cin gashin kansu", tunda asalin maganar shi ne ba sa ƙarƙashin manyan kamfanoni, amma ta yi tsawo a jimla. Mai wadda ta fi gajarta ya taimaka ya ajiye mini a ƙasa.