Gwajin dunduniya ya nuna ƙashin Mama ya yi rauni, amma likita ya ƙi rubuta magani

Assalamu alaikum. Likitoci, a taimaka.

Mahaifiyata tana da shekara 64, ta daɗe da daina al'ada. Bayanta na ciwo, ta fara ranƙwafawa, bara kuma ta zame a tsakar gida wuyan hannunta ya karye.

A wani asibitin kuɗi an sa dunduniyarta cikin na'urar da ke auna ƙashi da sauti, makin T (wato makin da ke nuna ƙarfin ƙashi) ya fito -2.7. Mai gwajin ya ce zaizayewar ƙashi ce. Muka kai wa likitan ƙashi, ya ce ma'aunin -2.5 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a 1994 don tabbatar da zaizayewar ƙashi na gwajin DXA ne (hoton X-ray mai auna ƙarfin ƙashi), wanda ake yi a ƙugu da ƙashin baya, na dunduniya tantancewa kawai yake yi. To, babu DXA a garinmu, kuma doguwar tafiya a mota na wahalar da ita matuƙa. Hoton baya da aka ɗauka bai raba gardama ba. Kalsiyam da bitamin D take sha, ciwon na nan.

Shin karayar nan tare da sakamakon dunduniya sun isa a fara ba ta maganin zaizayewar ƙashi na alendronate, ko dole sai an yi DXA?