Ramin takin Malam da rigimar gara

Malam Mai Lambu, Aboabo (Kumasi): Salamu alaikum jama'a. Raina a ɓace yake. Wata huɗu ina tara ɓawon doya, ruɓaɓɓen kabeji da kashin awaki a rami bayan gida, don takin alayyafona. Jiya maƙwabcina ya zazzaga masa maganin ƙwari, wai ƙazanta ce. Da asuba na tarar da tana birjik a bakin ramin, duk sun sandare. Su fa da gara da funfuna da ƙwayoyin da ido ba ya gani ne ke cinye duk abin da ya mutu, su mayar da shi baƙar ƙasa, saiwa ta sha. Bayin Allah ne masu yi mana shara kyauta.

Kafinta, Asawase: Malam, gara ce baiwar Allah? Katakon wawa sabo fil na sa a rufin wani shago, kafin shekara ta mayar da shi gari. Ni na biya.

Hajiya Mai Waakye: Ta ci min Alƙur'anin mahaifina a cikin akwati. Kar a yabe ta a gabana.

Tica: Hajiya, a daji aikinta ke nan. Manyan gara ma naman gwari suke nomawa cikin suri, shi ke narkar musu da itace.

Kafinta: Wannan zago ne, Tica, ba gara ba.

Tica: Dangi ɗaya ne!

Ɗan Nima: Ku da kuke soya shinge da damina, yau ku ke zagin uwarsa?

Hajiya Mai Waakye: Yaro, iya bakinka. Ku fara kwashe ledar ruwa daga kwatar Nima. Mun ga abin da ambaliyar 3 ga Yuni 2015 ta yi a Circle, can Accra.

Ɗan Nima: Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, Hajiya. Amma rafin Aboabo fa? Leda ce har wuya.

Malam Mai Lambu: To ai ita ledar ba abin da ke cinta, shi ya sa take toshe kwata. Maƙwabcin nawa fa, me zan yi da shi?

Shugaban zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta: yawancinmu mun yarda gara maɓarnaciya ce, ƙanina Kafinta ya kawo hujja daga aikinsa. Ɗan Nima ya ba Hajiya haƙuri. Malam kuma ya matsar da raminsa nesa da katakon mutane. Na rufe.