Neman shawara: dandamalin katako a bayan gida, daga ina ake farawa?

Mai Lambu ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da fili a bayan gida, tsawonsa mita 9, faɗinsa mita 6, kuma ƙofar falo tana buɗewa ne kai tsaye zuwa cikinsa, sai dai dokin ƙofar ya fi ƙasa tsayi da kusan santimita 70. Burina in yi dandamalin katako inda iyali za su riƙa zama da yamma, a ajiye tebur mai ɗaukar mutum shida da kujerun hutawa guda biyu. Abubuwa uku ne suka shige mini duhu: girman da ya kamata in yi, ko in haɗa shi da bangon gida ko ya tsaya da ƙafafunsa, sannan irin katakon da zai jure rana da ruwa. Filin yana fuskantar yamma, kuma akwai ƙananan yara a gidan. Ina roƙon masu ilimin abin su taimaka mini.

Baba Kafinta ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka sayi ko da ƙusa ɗaya, ka samo igiya da turaku ka zana girman da kake so a ƙasa, ka fito da tebur da kujeru ka jera su a ciki, sannan ka ja kujera baya kamar wanda zai tashi. Za ka ga kowace kujera tana buƙatar kusan santimita 90 a bayanta kafin mutum ya iya wucewa, shi ya sa tebur na mutum shida shi kaɗai yake cin wajen mita 3.5 a tsawo, mita 3.5 a faɗi. Idan ka ƙara kujerun hutawa, ina ganin mita 4 a faɗi da mita 6 a tsawo zai wadatar, kuma zai bar wa yara wurin wasa.

Amma abin da na fi so ka ba wa muhimmanci shi ne ƙarƙashin dandamalin, domin daga can lalacewa take farawa, kuma can ne ido ba ya gani. Kada ginshiƙin katako ya taɓa ƙasa ko a binne shi cikin siminti, saboda zai riƙa shan danshi har ya ruɓe daga gindi. A zuba kankare a kowane rami, a ɗora ƙafar ƙarfe a kai wadda za ta ɗaga katakon sama kaɗan, ta yadda ruwa zai wuce, kuma idan gara ta fara gina hanyarta za a gan ta da wuri. Katakan da ke kwance suna ɗauke da daɓen, a ba su tazarar santimita 40 tsakanin juna. Idan za a shimfiɗa na sama a karkace don ado, sai a rage zuwa 30. Tsakanin katakan sama kuma a bar rata ta milimita 5 ko kusa da haka, domin katako yana kumbura da damina, yana tsukewa da rani. A cire ciyawa a zuba tsakuwa a ƙarƙashi, kuma kada a toshe gefuna gaba ɗaya, iska tana buƙatar hanyar shiga da fita.

Injiniya ya amsa:

Na yarda da duk abin da Baba ya faɗa, zan ƙara a kan tambayarka ta biyu. A ra'ayina ka bar shi ya tsaya da ƙafafunsa, da ɗan rata tsakaninsa da bango. Mahaɗar dandamali da gida ita ce wurin da ya fi hatsari, saboda idan an kafe katakon da ƙusa kawai, nauyi yana iya zare ta a hankali, ruwa kuma yana shiga bayan katakon ya ruɓar da shi ba tare da kowa ya sani ba. Wanda ya dage sai ya haɗa, dole ne ya yi amfani da manyan notuna masu ratsa bango, ya kuma sa fallen ƙarfe a sama wanda zai kawar da ruwa. Ƙarin ginshiƙai biyu ko uku kusa da bangon gida ya fi wannan wahala sauƙi.

Ka tabbata daɓen ya ɗan yi ƙasa da dokin ƙofa, kuma ya gangara kaɗan zuwa waje, kamar santimita 1 a kowace mita. Ka duba inda indararo yake zubar da ruwa, ka kuma san inda bututun ruwa, wayar lantarki da sokawe suke kafin a haƙa rami. A wurare da dama hukumar tsara gine-gine tana buƙatar a nemi izini, don haka ka tambaya tun kafin aiki ya fara. Game da ƙusoshi, maganin da ake sa wa katako don hana ruɓewa sau da yawa yana ɗauke da tagulla, ita kuwa tana cin baƙin ƙarfe da sauri, saboda haka sai dai waɗanda aka shafe da tutiya ko kuma ƙarfen da ba ya tsatsa.

Maman Biyu ta amsa:

Malam, tunda ka ambaci yara, don Allah kada ka yi wasa da shinge. Santimita 70 ba ta da yawa a idon babba, amma ga yaron da ke koyon tafiya faɗuwa ce mai rauni. Shingen ya kai aƙalla santimita 90, tazarar sandunansa kada ta kai santimita 10, don kada kan yaro ya shiga. Sandunan su kasance a tsaye, domin na kwance matakala ce kawai ga yaro. Matakalar sauka kuma kowane taki ya yi daidai da ɗan'uwansa a tsayi, a sa fitila a gefe.

Batun yamma shi ma ka yi tunani a kansa tun yanzu. Ranar la'asar takan shigo ne a kaikaice, rufin sama kaɗai ba ya tare ta, sai an haɗa da labule ko shuka mai yaɗo a wannan ɓangaren. Idan za ka yi rumfa, a ɗauko ginshiƙanta daga tushe ɗaya da dandamalin, kada a ɗora ta daga baya a kan daɓe.

Mai Lambu ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Zan bi shawarar Injiniya in raba shi da bango. Baba, saura maganar katako: me ka gani game da wanda ake haɗawa da roba?

Baba Kafinta ya amsa:

Yana da amfaninsa, domin ba ya buƙatar shafa mai duk shekara kuma ba ya yin sartse, sai dai yana ɗaukar zafi sosai, musamman mai duhun launi, har ƙafa ba ta iya taka shi da tsakar rana. A fili mai fuskantar yamma da yara marasa takalmi, ni zan zaɓi katako mai tauri kamar iroko ko tik, ko kuma na haɗin mai hasken launi idan rumfa ta rufe shi. Kowanne ka ɗauka, katakan ƙarƙashi su zama masu magani, kuma duk inda zarto ya yanka a sake shafa maganin a bakin yankan kafin a kafa.