Musayar Waƙa: Ghimire na Nepal da Awon Gaɓa

Ɗan Birni:

Sallama gare ku ma'abota waƙa,
Yau Nepal muka nufa da tattaunawa.

Madhav Prasad Ghimire nake nufi,
Sha'irin da ƙasarsa ke tunawa.

A Pustun ta Lamjung, cikin duwatsu,
1919 ce shekarar haihuwa.

Yana ƙarami ya yi maraicin uwa,
Ya tashi da son ilmi da nemowa.

Katmandu ya je karatun harshen Sanskirit,
Har Banaras ta Indiya ya je ƙarowa.

A Agustan 2020 ya rasu,
Shekara ɗari yana cikin rayuwa.

Malam, tambayata: a wane kari, wato awon waƙa,
Ya zuba Gauri, waƙar rabuwa?

Malamin Aruli:

Amin, ƙanena, matso ka ji,
Gauri matarsa ce, ajali ya ɗauke ta.

Da baitoci ya yi mata makoki,
A karin da ake kira Shardulabikiridita.

Ma'anar sunan wasan damisa,
Baiti ɗango huɗu, ƙa'ida ce a kiyaye ta.

Kowane ɗango gaɓa 19 ne,
In guda ta ɓace, kunne zai nemo ta.

Ana numfasawa bayan ta 12,
Sannan bakwai su biyo, a sauke a huta.

Masu nauyi su ne ukun farko,
Ta 6, ta 8, ta 12 mai hutu a kanta,

Ta 13, ta 14, ta 16, ta 17,
Da ta 19 da ake rufewa da ita.

Sauran takwas duk marasa nauyi ne,
Laghu suke ce wa sassauƙa, guru ce 'yar'uwarta.

Hajiya 'Yar Zazzau:

Malam, Allah ya ƙara basira,
Wannan ai dangin namu ne na aruli.

Mu ma gaɓa kan yi nauyi ne
In baƙi ya rufe ta, ko da dogon wasali.

Sai dai mu muna da zihafi,
A sauya ƙafa, kari bai rasa fasali.

Su kuwa kowace gaɓa da gurbinta,
Ba ta gusawa, kamar an kafa jadawali.

To ina masu koyo ke tuntuɓe?
A ba mu dalili tare da misali.

Malamin Aruli:

Hajiya, ranki ya daɗe, ga su nan,
Na farkon ya fi kowanne wuya.

Bakin mutanen Nepal a hira
Kan haɗiye wasalin ƙarshe gaba ɗaya.

Alhali kari ya ƙirga shi gaɓa,
In mai rerawa ya bar shi, awo ya ja baya.

Sai wasulan i da u, gajere da dogo,
A rubuce biyu ne, a furuci ɗaya.

Wanda ya bi kunne kawai ya tsara
Zai sa sassauƙa a gurbin nannauya.

Ga kuma hutun gaɓa ta 12,
In ya raba kalma biyu, an saki hanya.

Shi ya sa wanda awo ya matse
Kan ruga ga tsauraran kalmomin Sanskirit ya ɓuya.

Ɗango ya cika, ma'ana ta yi duhu,
Mai sauraro ya gaji ya juya baya.

Nan ne Ghimire ya fi tsara,
Awo tsaf, ga harshen manoma da makiyaya.

Ɗan Damagaram:

Baba Malam, a yi mini izini,
Kada waƙar baka ta sha mantuwa a zaure.

Gaunchha Geet Nepali waƙar Ghimire ce,
Yaran makaranta na rera ta a jere.

Ya rubuta wa ƙanana waƙoƙi,
Na manya kuma rediyo ya riƙe su ya ɗaure.

Malati Mangale wasan kwaikwayonsa ne da waƙa,
Kan zamanin bauta da bayi a ɗaure.

Mai rubuta wa dandamali sai ya kula,
Ɗango ya yi tsawo, numfashin mawaƙi ya tsere.

A nan karin ƙauye ya fi dacewa,
Irin jhyaure da ake yi a gona da gefen kware.

Da jhyaure Devkota, wani sha'irin Nepal, ya tsara Muna Madan,
Ya nuna karin talaka bai da abin a ƙyale ko a ture.

Hajiya 'Yar Zazzau:

Ɗana, ka kyauta, bari in cike:
Jaridar Gorkhapatra Ghimire ya yi wa edita.

Cibiyar adabi ta masarautar Nepal,
Daga 1988 zuwa 1990 ya shugabance ta.

A 2003 aka naɗa shi Rashtrakavi,
Sha'irin ƙasa ke nan in an fassara ta.

Ɗan Birni:

Na gode iyayena, na ƙaru.
Saura karin Mandakiranta mai gaɓa 17,
Hutunsa bayan huɗu, sai shida, sai bakwai.
Malam, gobe a warware mana shi dalla-dalla.